Ƙarfe a Cikin Ƙashi, Mugunya a Kan Ƙarfe: Abin da Ɓawon Jatan Lande da Fara Za Su Iya Yi wa Masu Karaya

Sama Road na cikin titunan Sakkwato da ba sa rabo da ƙarar babur. Tun daga lokacin kai yara makaranta har bayan sallar Isha, 'yan kabu-kabu da masu keke mai ƙafa uku da motocin ma'aikata ke kai da komo a kansa, kowa na sauri. Babur ɗaya kan ɗauki mutum uku, wani lokaci har da kaya. Idan tsautsayi ya gitta, ƙwauri ne ke fara ji a jikinsa, domin shi ne a waje, kuma ta gaba fata ce kawai ta lulluɓe ƙashin, babu tsokar kirki. Shi ya sa karayar ɗan babur ba ta cika tsayawa a ciki ba. Ƙashi kan huda fata ya leƙo, ƙasar titi da baƙin mai su shige cikin raunin tun kafin jama'a su taru a ɗaga shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su tsira da rauni. A gabashin jiharmu, wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, akwai ƙarin wata masifar: harsashin 'yan bindiga, wanda ba karya ƙashi kawai yake yi ba, farfasa shi yake, ya kuma ja tsumman riga da datti zuwa cikin ɓargo.

Wanda ya karye, ko dai a kwashe shi zuwa wurin mai ɗori, ko a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. Wasu kan wuce har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Bayan an yi hoto, maganar da dangi kan ji daga bakin likita ita ce: sai an sa masa ƙarfe.

Ƙarfen nan kala-kala ne. Akwai doguwar sanda da ake zurawa cikin kogon ƙashi ta bi hanyar ɓargo, dabarar da likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara amfani da ita a garin Kiel a 1939. Akwai faffaɗan ƙarfe da ake kwantarwa a jikin ƙashi a ɗaure da kusoshi. Akwai wanda ake kafawa ta waje, tsinkayensa su ratsa fata su kama ƙashi. Akwai kuma gaɓar ƙugu ko ta gwiwa da ake sauyawa gaba ɗaya, abin da masu ciwon sikila suka sani sarai, domin rashin isar jini kan kashe musu kan ƙashin cinya tun suna matasa. Yawanci ana ƙera waɗannan da ƙarfen da ba ya tsatsa, ko taitaniyom, ko haɗin kobal da kuromiyom. Taitaniyom ya samu ɗaukaka ne tun da Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya lura, a shekarun 1950, cewa ƙashin zomo ya manne da shi har ya ƙi ciruwa. A 1965 ya dasa wa mutum na farko haƙoran taitaniyom a muƙamuƙi.

Idan komai ya tafi daidai, ƙarfe rahama ne. Mutumin da zai kwanta wata uku a kan tabarma sai ga shi yana takawa da sanda cikin 'yan makonni. Amma duk wanda ya yi jinya a ɗakin masu karaya ya san ɗaya fuskar. Mako biyu ko wata biyu bayan tiyata, wurin ɗinki ya kumbura, ya yi ja, ya ɓule, ya fara zubar da ruwa. A sha magani ya lafa, a daina ya dawo. Sai ka ji dangi na cewa jikinsa ne ya ƙi ƙarfen. A mafi yawan lokuta ba jiki ne ya ƙi ba. Ƙwayoyin cuta ne suka riga jiki kama ƙarfen.

Rige-rigen kama ƙarfe

A 1957 wasu masu bincike a Landan, Elek da Conen, suka yi wani gwaji da har yau likitocin ƙashi ke ambato. Sun ga cewa sai an tura miliyoyin ƙwayar cutar sitafilokokus cikin fatar mutum kafin ta tara mugunya, amma idan akwai zaren ɗinki na siliki a wurin, ƙwaya ɗari ma ta isa. Wato duk wani baƙon abu da ke cikin jiki mafaka ne ga cuta. Ƙarfe ba shi da jini, ba shi da jijiya, sojojin jiki ba sa iya aiki a kansa yadda suke yi a kan tsoka.

Da zarar ƙwayoyin sun sauka a kan ƙarfe, sai su manne, su hayayyafa, su fitar da wani abu mai yauƙi su lulluɓe kansu, kamar dai gansakuka a gindin randa: ka ɗauraye da ruwa ba ta fita, sai an kankare. A cikin wannan yauƙin maganin kashe ƙwayoyin cuta kan rasa ƙarfinsa, har akan buƙaci ninkin abin da aka saba sau ɗari ko sau dubu, adadin da ƙoda da hantar majinyaci ba za su ɗauka ba. A 1987 likitan ƙashi Anthony Gristina na Amurka ya bayyana al'amarin a matsayin rige-rige: tun daga lokacin da aka sa ƙarfe, ƙwayoyin jikin mutum da ƙwayoyin cuta ke tseren mamaye fuskarsa. Idan na jiki suka riga, ƙarfe ya zauna lafiya. Idan na cuta suka riga, sau da yawa babu mafita sai a sake buɗewa a cire shi.

Alƙaluman da littattafan tiyata ke bayarwa sun nuna inda haɗarin yake. A karayar da fata ba ta fashe ba, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne kan samu wannan matsala bayan sa ƙarfe. A mummunar karaya mai buɗaɗɗen rauni, abin kan kai kashi 30. Irin ta biyun ita ce ta ɗan kabu-kabu da ta wanda aka harba. Kuma a wurinmu tiyata ta biyu ba magana ce ta inshora ba. Gona ce ake jinginarwa, saniya ce ake kaiwa kasuwa, yaro ne ake cirewa daga makaranta. Na ga magidanta da mugunyar ƙashi ta talauta su fiye da yadda karayar kanta ta yi.

Wannan ne ya sa masana suka koma tunanin yi wa ƙarfen shafe tun kafin a sa shi, shafen da zai kori cuta ya kuma jawo ƙashi. Cikin abubuwan da aka fi gwadawa a shekaru ashirin da suka wuce akwai kitosan.

Mene ne kitosan?

Ɓawon jatan lande da na ƙaguwa, da ƙwarangwal ɗin waje na fara da gara da kyankyaso, da jikin laimar kwaɗi, duk suna ɗauke da wani sinadari mai tauri da ake kira kitin. Bayan selulos na itatuwa, babu wani abu irinsa da ya kai shi yawa a doron ƙasa. Bafaranshe Henri Braconnot ne ya fara ware shi daga laimar kwaɗi a 1811. A 1859 wani Bafaranshen, Rouget, ya dafa kitin cikin kakkauran ruwan alkali ya samu wani sabon abu da ke narkewa a ruwa mai ɗan tsami, a 1894 kuma Bajamushe Felix Hoppe-Seyler ya raɗa masa suna kitosan.

Hanyar yinsa a yau ba ta yi nisa da wancan ba. A wanke ɓawo a shanya a niƙa. A jiƙa shi cikin asid ya narkar da alli da ke ciki. A dafa da ruwan soda, irin wadda masu yin sabulu suka sani, furotin ya fita. Abin da ya rage shi ne kitin. Sai a sake dafa shi da soda mai kauri ƙwarai, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a kan zafi mai yawa, har ya saki fiye da rabin wasu ƙananan rassa da ke jikinsa. Inda rassan suka fita, wurin kan ɗauki cajin lantarki na fozitif idan yana cikin ruwa mai tsami. Amfanin kitosan kusan duka daga wannan caji yake fitowa.

Fatar ƙwayar cuta cajin negetif gare ta, don haka kitosan kan manne mata ya ɓata ta har abin cikinta ya tsiyaye. Jajayen ƙwayoyin jini ma negetif ne, shi ya sa yake tattara su ya tsayar da jini. Sojojin Amurka sun yi amfani da bandejin HemCon, wanda da kitosan aka yi shi, a yaƙin Iraƙi da Afganistan, akwai kuma Celox da ake zubawa a rauni mai zubar jini. Ta fuskar ƙashi, ƙirar kitosan ta yi kama da wasu sinadarai da ke kewaye da ƙwayoyin guringuntsi da ƙashi, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙwayoyin da ke gina ƙashi na iya kama shi su yaɗu a kansa. A ƙarshe jiki da kansa ke narkar da shi sannu a hankali, ta hanyar laisozayim, sinadarin da ke cikin hawaye da yawu da jini. Ba ya buƙatar tiyatar cirewa. Ga Musulmi akwai wani sauƙin: wasu kayan aikin likita daga alade ake samo su, amma yawancin kitosan daga dabbobin ruwa ne, waɗanda mazhabar Malikiyya ta halatta.

Yadda ake shafa shi

Matsala ta farko ita ce sa shi ya kama ƙarfe. Likita na buga sanda cikin ƙashi da guduma, yana murɗa kusa da ƙarfi. Shafen da ba ya da riƙo zai kwaye tun a bakin hanya. Joel Bumgardner da abokan aikinsa a Amurka sun ba da rahoto a 2003 kan ɗaure kitosan a jikin taitaniyom ta hanyar wani sinadarin haɗi mai suna silen. Riƙon ya ƙaru sosai, amma bai kai megafaskal 2 ba, alhali ƙa'idar duniya ta shafen haidiroksi-afatait, wato ma'adinin ƙashi da aka daɗe ana fesawa a kan gaɓoɓin ƙarfe, tana neman 15. A 2007 suka dasa tsinkayen taitaniyom masu wannan shafe a ƙwaurin zomaye, suka ga ƙashi ya tsiro a jikinsu kusan yadda yake yi a kan shafen ma'adinin ƙashi.

Hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta lantarki, wadda Aldo Boccaccini na Jami'ar Erlangen a Jamus yake cikin waɗanda suka yi fice a kanta. Ana narkar da kitosan a ruwan asid mai rauni, irin tsamin da ke cikin ruwan khal, a tsoma ƙarfen a haɗa shi da ɓangaren negetif na lantarki maras ƙarfi. Kitosan mai cajin fozitif sai ya nufi ƙarfen. A daidai fuskar ƙarfen lantarki na rage tsamin ruwa, kitosan ya kasa zama a narke, ya kwanta ya zama siririyar fata cikin 'yan mintuna. Ba a buƙatar zafi. Wannan babban abu ne, domin fesa ma'adinin ƙashi da harshen filasma na buƙatar zafin dubban digiri, wanda zai ƙone duk wani magani. A cikin ruwan kitosan kuwa ana iya zuba jentamaisin ko bankomaisin, ko garin azurfa, ko ma'adinin ƙashi, ko garin gilashin nan mai haɗewa da ƙashi da Larry Hench ya ƙirƙiro a 1969, duk su kwanta tare. Maganin sai ya riƙa fita a daidai wurin da cuta ke son sauka, da ƙarfin da allura ba za ta taɓa kaiwa wurin ba, ba tare da ya wahalar da ƙoda ba.

Sai dai a faɗi gaskiya yadda take. Yawancin wannan aiki har yanzu a ɗakin gwaji yake da jikin ɓeraye da zomaye. Ƙarafan da aka riga aka sa wa mutane da shafen kariya wasu iri ne: sandar ƙwauri mai jentamaisin da aka riƙe da wata roba mai narkewa a Turai, manyan gaɓoɓi masu shafen azurfa a Jamus, taitaniyom mai aidin a Kanazawa ta Japan. Kitosan na da nasa raunin. A ruwan jiki, wanda ba shi da tsami, yakan rasa yawancin cajinsa, ƙarfinsa na kashe cuta ya ragu, abin da ya sa ake gyara shi da wasu sinadarai don cajin ya dawwama. Maganin da aka cusa masa yakan fita da yawa a kwanakin farko, sannan ya koma ɗigo kaɗan-kaɗan, kuma ɗigon da bai isa kisa ba shi ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Tururin tukunyar tsarkake kayan tiyata da hasken gama, wanda shi ma ake tsarkake su da shi, duk suna gutsuttsura kitosan. Kitosan na wannan buhu kuma ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, tunda ɓawon ya bambanta da nau'in dabba da lokacin kamu. Duk wanda ya zo ya ce maka yana sayar da ƙarfen da ba ya mugunya, ka riƙe kuɗinka.

Inda Sakkwato ta shigo

Teku na da nisa da mu, amma kitin bai yi mana nisa ba. Fara abinci ce a Sakkwato da Maraɗi da Maiduguri; ana sayar da ita buhu-buhu, mata na soya ta da yaji a bakin titi. Kafin a soya ana fige fukafukai da ƙafafu a zubar, kuma waɗannan da ake zubarwa kitin ne a cikinsu. Masu bincike a Masar da Turkiyya sun riga sun ciro kitin da kitosan daga fara. Ɓawon ƙwaro ma bai kai na ƙaguwa alli ba, don haka bai buƙatar asid mai yawa.

Ba ina cewa a kwashi shara daga wurin mai suyar fara a shafa wa ƙarfen tiyata ba. Tsakanin kitosan na tace ruwa ko adana tumatir da wanda zai shiga ɓargon ɗan Adam akwai tazara mai nisa. Dole a tabbatar babu ragowar furotin da ke tayar wa waɗanda jikinsu bai karɓi jatan lande ba da borin jini, babu gubar ƙwayoyin cuta da ke kawo zazzaɓi, babu dalma, babu kuma maganin feshi, domin fara na cikin ƙwarin da aka fi yi wa feshi a Sahel. Bayan duk wannan sai hukumar NAFDAC ta amince. Aikin shekaru ne.

Amma aiki ne da ya dace da mu, kuma kayan farkonsa ba su fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen kimiyyar sinadarai, da tsangayar harhaɗa magunguna, da tsangayar likitan dabbobi mai asibitinta, da asibitin koyarwa da ke ganin masu karaya kullum. Abin da gwajin shafen lantarki ke nema bai wuce ƙaramar na'urar ba da wuta da kofin gilashi da gutsuren ƙarfe ba. Akwai kuma tambayoyin da babu wanda zai amsa mana su daga Erlangen. Yawancin binciken Turai a kan taitaniyom ake yi, alhali ƙarfen da talakanmu ya fi samu shi ne maras tsatsa, irin sandunan da ƙungiyar SIGN, wadda Lewis Zirkle ya kafa a 1999, ke bai wa asibitocin ƙasashe masu tasowa. Yaya kitosan ke kama irin wannan ƙarfe? Waɗanne ƙwayoyin cuta ne ke fitowa daga raunukan majinyatanmu, a garin da ake sayen maganin kashe cuta a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma wane magani ne har yanzu ke cin su? Shafen zai jure zafin Afrilu na Sakkwato, mai wuce digiri 40, a ɗakin ajiya maras sanyi? Ga masu sikila, waɗanda ƙwayar salmonela ke yawan kama ƙashinsu, wane haɗi ya dace?

A ganina wurin farawa shi ne tsinkayen ƙarfen waje. Su ne suka fi kowane ƙarfe yawan mugunya, tunda sun ratsa fata suna haɗa ƙashi da iskar waje, ana ganin bakinsu da ido kullum, kuma cire su ake yi daga baya. Idan asusun TETFund da gwamnatin jiha za su sa kuɗi a bincike ɗaya da ya haɗa masanin sinadarai da likitan ƙashi da likitan dabbobi a teburi guda, wannan ya cancanta. Abin takaici ne ɗalibi ya ciro kitosan don kundin digirinsa, a ɗaure kundin a jera a kanta, likitan da ke cire ruɓaɓɓen ƙarfe a ɗaya gefen gari bai ma san an yi ba.

Duk da haka, ko da an wayi gari kowane ƙarfe na da shafe, ba zai gyara abin da jinkiri ya ɓata ba. Cutar da ta kwana uku a cikin ɓargo ta riga ta ci tseren kafin a fito da ƙarfe daga leda. Masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, kuma karaya mai sauƙi da fata ba ta fashe ba takan haɗe a hannunsu. Amma ɗaurin kara da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka yi baƙi, shi ke kai yara ga yanke hannu, sannan a ce asibiti ba su san komai ba sai yanka. Asibiti na yanke abin da ya riga ya mutu ne. An gwada horar da masu ɗori a Habasha da wasu sassan Nijeriya don su gane karayar da ta fi ƙarfinsu su tura ta asibiti, an kuma ga amfaninsa. Masarauta da ma'aikatar lafiya za su iya yin haka a nan, tunda masu ɗorinmu sanannu ne a unguwanninsu.

Ya kai mai karatu, idan ka tarar da wanda ya karye kuma akwai rauni a kan karayar, ko da ƙaramin huji ne mai ɗigar jini, kada ka tura ƙashin ciki, kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki ko garin magani. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a danne idan jini na zuba, a tallafe ƙafar da katako ba tare da matsewa ba, a wuce asibiti kai tsaye. Likitocin ƙashi na son a yi wa irin wannan majinyaci allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da jin raunin, a kuma wanke shi a ɗakin tiyata tun bai kwana ba. Wanda aka riga aka sa wa ƙarfe kuma, da ya ga wurin ya kumbura ko yana ruwa, ya koma wurin likitansa a ranar, kada ya tsaya sayen kafso a kemis.